Mabuɗin Jikin Carbi

A Tudun Wadar Zariya akwai wani dattijo, Malam Isuhu, wanda ya shekara talatin da biyar yana koyarwa a firamare. Ya kama alli a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, azuzuwa suka cika har wasu yara na karatu a gindin bishiya, ya kuma ajiye shi a 2011. Bai tara dukiya ba. Littattafai ya tara, kuma dukkansu suna cikin wata adaka mai koren fenti da ke kusurwar ɗakinsa, jingine da bangon gabas. Kwaɗo yake sa mata. Mabuɗin kuwa a jikin carbinsa yake ɗaure, ko masallaci za shi tare suke tafiya.

Kada a yi saurin ce masa marowaci, don akwai abin da ya kai shi ga haka. Yana aji bakwai ya zo na ɗaya, aka ba shi kyautar Magana Jari Ce, littafi na farko. Ban da riga da wando, shi ne abu na farko da ya taɓa cewa nasa ne. Ya karanta labarin akun nan mai riƙe ɗan sarki da zance har gari ya waye, ya sake karantawa, sannan ya ajiye littafin a alkuki ya tafi taya babansa girbi. Da ya dawo sai ya tarar kishiyar mahaifiyarsa, wadda ba ta san boko ba kuma ba ta nufe shi da sharri ba, ta yage kusan rabinsa tana ƙunsa wa masu sayen ƙuli-ƙuli. Bai ce komai ba, don yaro ba ya kai ƙarar uwa. Amma ranar da ya karɓi albashinsa na farko, kafin ya sayi takalmi, kasuwar Sabon Gari ya nufa ya sayo adakar nan da kwaɗonta.

Zariya kuwa gari ne da mai son littafi ba ya rasa abin saye. A nan ofishin da ya shirya gasar rubuta littattafai ta 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja, yake a lokacin. A nan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, a nan kuma kamfanin buga littattafai na NNPC yake tun 1966. Sannu a hankali adaka ta cika: Magana Jari Ce duka ukun, Ruwan Bagaja, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, jerin Ka Koyi Karatu, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Da jikoki suka zo sai ya ƙara da ƙananan littattafai masu hotuna. Duk ranar da fansho ya shigo yakan sayo ɗaya, ya kira yara zaure, ya sa su wanke hannu, ya buɗe ya karanta musu sau ɗaya, littafin na hannunsa, su kuma suna miƙa wuya. Yana kai shafin ƙarshe sai adaka.

"Ajiya maganin wata rana," in ji shi. "Naku ne. In kun yi hankali zan ba ku."

Jikokin uku ne, 'ya'yan ɗansa da ke aiki a Kaduna. Ummi, mai sunan mahaifiyar Malam, tana da shekara bakwai. Sadik yana da huɗu. Nana kuwa rarrafe take yi. Uwarsu Hadiza da matar Malam, wadda kowa ke kira Inna, su ne a cikin gida.

Inna ce ta fara lura da wani abu. In an sayo ƙosai da safe, Ummi ba ta damu da ƙosan ba kamar yadda ta damu da takardar da aka ƙunso shi. Sai ta warware ta a kan gwiwa, ta shafe ta da tafin hannu, ta yi ta haɗa baƙaƙen da mai bai ɓata ba. Wani lokaci tsohuwar jarida ce, wani lokaci takardar jarrabawar wata makaranta. Ta tara su da yawa a cikin faifai a ƙarƙashin gado.

Da dare Inna ta kai wa Malam tuwo, ta zauna gefe ta ce, "Malam, ka ga uwar taka tana karatun takardar ƙosai, kai kuma kana kwana da adaka cike."

Ya ce, "Hajiya, ke ba ki san yara ba ne? Kwana uku ba za su yi a hannunsu ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ta kwashe kwanuka ta fita.

Wata ranar Asabar yana cikin karanta musu wani ƙaramin littafi mai hotunan dabbobi, sai aka yi sallama a ƙofar gida. Ya ajiye shi a kan buzu ya fita. Maganar ta yi tsawo, ya raka baƙo har bakin titi. Kafin ya dawo Sadik ya cusa littafin cikin rigarsa ya shige gida. Malam kuwa lokacin idonsa ya fara hazo, bai lura ba, ya danna kwaɗo. Ummi ta so a mayar, amma tsoro ya hana ta. Suka ɓoye shi a ƙarƙashin katifar Inna. Inna ta gani tana gyaran gado, ta mayar da shi inda yake, ta ja zanin gado ta rufe.

Hazon ido ya zama yana. Tun farkon damina Malam ya daina buɗe adaka, don ko ya buɗe ba ya ganin rubutu. A watan Yuli ɗansa ya zo ya tafi da shi Kaduna, aka yi masa aiki a ido ɗaya, aka ce ya jira a yi ɗayan. Ya tafi da carbinsa, aka ja ƙofar ɗakinsa aka rufe.

Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san bangon gabas shi ne mai shan dukan ruwa, don daga can hadari yake tasowa. A cikin marka indararon ɗakin Malam ya tsage, ruwa ya riƙa bin bango yana sauka, daɓe ya jiƙe. Gindin adaka, wanda ya shekara arba'in da wani abu a ƙasa, da ma tsatsa ta cinye shi saura kaɗan.

Ya dawo a watan Oktoba yana gani tangaram. Bayan an gama yi masa barka, abin da ya fara nema shi ne karatu. Ya kwance kwaɗo, ya ɗaga murfi, sai wani warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge shi. Littattafan sama sun manne da juna, fumfuna ta yi musu baƙi-baƙi. Ya ɗaga su. Daga nan zuwa ƙasa kuwa gara ta gina gidanta. Ya ɗauko Magana Jari Ce na biyu, bangonsa lafiya lau, yana buɗewa sai ƙasa ta zubo masa a cinya. Ciki babu komai sai ramuka da 'yan guntayen kalmomi.

Gara ba ta son haske, ba ta son iska, ba ta kuma son inda ake motsi. Daga ƙarƙashin ƙasa take zuwa, ta lulluɓe hanyarta da laka don kada jikinta ya bushe, takarda kuwa a wurinta itace ne da aka riga aka tausasa mata. Abin da take nema wuri ne mai duhu da danshi wanda ba wanda zai taɓa har wata uku. Littafin da ake ɗauka kullum, ko ta fara hawa za a ga layin lakarta a kankare. Wannan ne ya sa nake jin ciwon abin da ya sami Malam fiye da in wuta ce ta ci, don duk tanadin da ya yi na kare littattafansa daga hannun yara shi ne ya shimfiɗa wa gara tabarma.

Abin da aka tsira da shi bai cika faifai biyu ba. Hadiza ta baza su a inuwar zaure su sha iska, tana buɗe shafi ɗaya-ɗaya a hankali. Malam ya kwana uku ba ya magana sai amsa gaisuwa. A rana ta uku Inna ta shiga ɗakinsa, ta ɗaga kai ta dubi gafakar da ke rataye a ƙusa. Alƙur'anin da ke ciki rubutun hannu ne, na mahaifin Malam, ya girmi adakar da duk abin da ke cikinta. Ko da Malam ba ya nan, ita takan sauke shi ta kaɗe.

Ta ce, "Wannan fa? Me ya same shi?"

Ya ce, "Ba komai."

"Ba shi da kwaɗo kuwa."

Bai amsa ba. Ta leƙa waje ta yafito Sadik.

Yaron ya shigo da hannu a baya, Ummi na biye da shi kamar za a yanka ta. Ya miƙa littafin dabbobi. Bangon gaba ya fita, manja ya yi taswira a kan giwa, an kuma ƙara wa raƙumi ƙafa ta biyar da fensir. Malam ya ji abin nan na shekara hamsin da wani abu ya taso masa har maƙogwaro. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai Sadik, don ya kare kansa, ya ɗora yatsa a shafin farko ya fara "karantawa". Bai san baƙi ko ɗaya ba, amma ya haddace littafin daga farko har ƙarshe, ya san inda ake juya shafi, ya san inda kura ke kuka. Da ya yi tuntuɓe a wata kalma Ummi ta gyara masa. Malam ya juya littafin, ya nuna mata wani layi a tsakiya. Ta karanta ba gargada.

Ya ce, "Ummi, wa ya koya miki haka? A makaranta ne?"

Ta ce, "A makaranta baƙaƙe aka koya mana, Malam. Wannan kullum da dare muke dubawa, Inna na haska mana tocila."

Washegari Malam ya kwaso duk abin da ya rage, ya zube a kan tabarma a tsakar gida, ya ce, "Ga su nan. Kowa ya ɗauka." Da ya saki, sai ya saki gaba ɗaya.

Mako bai zagayo ba aka ga abin da ya daɗe yana tsoro. Nana ta yage shafi huɗu ta kai biyu baki. Akuya ta ci rabin Ka Koyi Karatu. Ɗaya ya faɗa bahon wanki. Abin da ya fi tayar wa Hadiza da hankali shi ne ta tsinci wani ɗan littafi mai ayoyi a ƙasa kusa da murhu, an taka shi. Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, ya ce, "Hajiya, kin gani ko?"

Inna ta ce, "Na gani. Amma don an ce yaro ya ci tuwo, ai ba a zuba masa a ƙasa. Zo ka ga wani abu."

Ta kai shi ɗakinta, ta tsaya gaban jerenta. A can sama tangaran ne da manyan kwalla na aurenta, waɗanda ba a saukewa sai da suna ko biki. A tsakiya samira da langa na yau da kullum. A ƙasa kofunan roba da moɗa da 'yan kwanukan yara, inda ko Sadik yake ɗauka da kansa, ya sha ruwa, ya mayar.

"Shekara nawa kana shiga ɗakin nan? Ka taɓa ganin na kulle moɗa a akwati don kada yaro ya lotsa ta? Ka kuma taɓa ganin tangaran a ƙasa? Kowane kwano da mazauninsa, kowane mazauni kuma da tsawon hannun mai ɗauka."

Malam ya yi shekara talatin da biyar yana tsara aji, amma ranar ya tsaya shiru kamar sabon ɗalibi.

Aka kira kafinta. Inna ta hana a taɓa bangon gabas da wanda ya haɗa da makewayi, ta zaɓi bangon cikin rumfa, inda iska ke ratsawa amma rana ba ta faɗawa, don rana tana koɗar da hoto kamar yadda take koɗar da atamfa. Kafinta ya ciro ma'auni, ta ce ya dakata. Ta kira Sadik ta ce ya tsaya ya miƙa hannu, aka yi alama da alli. Aka kira Ummi, aka yi alama ta biyu. Ta ukun kuwa tsawon hannun Hadiza aka auna. Kanta uku aka yi, a kan ƙarafa da aka kafe a bango da ƙarfi, don kafinta ya ce yaro mai shekara huɗu in ya ga kanta tsani yake gani, wadda ba a kafe ba kuwa tana iya rufto masa. Ta ƙasa an ɗaga ta kamu guda daga daɓe, yadda tsintsiya za ta wuce, ido kuma ya ga bango. An bar tazarar yatsa biyu tsakanin katako da bango, don in gara ta taso a gan ta tun tana hanya.

A kantar ƙasa Hadiza ta roƙi kafinta ya buga siririn katako a gaba, yadda littafi zai tsaya fuskarsa na kallon mutum. "Baba," ta ce wa Malam, "wanda bai iya karatu ba ai hoto ne yake kiransa. In aka jera su a gicciye, shi gefen takarda kawai zai gani." Ta kuma ce kada a cika masa su. Shida ko bakwai sun isa, sauran a ajiye a kabad ɗin Inna, duk Juma'a biyu a sauya. Haka aka yi, kuma duk ranar da aka sauya sai Sadik ya yi ta tsalle, tsohon littafi ya koma masa sabo.

Kantar tsakiya ta Ummi ce, ta tatsuniyoyi da labarai. Ta sama kuwa aka ware wa Bagadadi da izu da Ahalari da duk abin da ke ɗauke da aya ko hadisi. Yaro ba ya ɗauka da kansa, sai ya tambaya a sauko masa, ya gama a mayar. Nana aka yi mata kwando a ƙasa, da littattafai biyu masu kaurin kwali, da wani da uwarta ta ɗinka da ƙyallayen atamfa, mai kaza da kifi da mota, wanda in ya yi dauɗa sai a wanke a shanya. Hadiza ta yanka ƙananan ƙyalle, ja da kore da shuɗi, ta manna a bayan kowane littafi da kuma bakin kantarsa. Ko wanda bai san alifi ba ya san ja wajen ja yake komawa.

An ɗan yi gardama a kan magani. Malam ya so a zuba kafur saboda kyankyaso. Hadiza ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, Nana za ta ɗauka alawa ce, guba ne kuwa." Inna ta shanya ganyen darbejiya a inuwa, ta ƙulla a tsumma, ta sa a bayan kantar sama da cikin kabad. Ya so kuma a sa kowane littafi a leda. Inna ta tuna masa yadda tuwo ke gumi a leda, ta ce takarda ma numfashi take so, in aka rufe ta da danshin damina fumfuna ce za ta biyo baya. Da hunturu ya shigo da ƙurarsa, sai aka rataya wani tsohon zane a gaban kantocin, Asabar kuma Ummi ta kaɗe su da busasshen tsumma.

Doka biyu kawai aka kafa. Ta farko Inna ce ta faɗe ta: kafin kiran magariba kowane littafi ya koma mazauninsa, tunda kaji ma sun san akurkinsu a wannan lokaci. Ta biyu Malam ne ya kawo ta da kansa, kuma a ganina ita ce ta fi wuya a gare shi. Ya ajiye wani faifai a ƙarshen kantar tsakiya ya ce sunansa asibiti. Duk wanda ya yaga littafi ya kawo shi nan da guntun, ba duka, ba faɗa. Ya gane cewa yaron da ke tsoron bulala ɓoye yagaggen shafi yake yi, shafin da aka ɓoye kuwa ya tafi ke nan. Bayan la'asar yakan zauna da ƙaro da allura da zare, ya manna, ya ɗinke, Sadik na riƙe masa. Ba ya amfani da salatif, don ya ga yadda yake yin ja ya bushe ya bar tabo a tsofaffin littattafan makaranta.

Ba a daina asara ba. 'Ya'yan maƙwabta suka ji labari suka fara shigowa, wani ya ari littafi ya tafi da shi ƙauye hutu, ba a sake ganinsa ba. Malam ya yi kwana biyu yana jin abin a ransa, sannan ya ciro wata tsohuwar rajista ya ba Ummi, ya nuna mata yadda ake jan layi: suna, littafi, ranar ɗauka, ranar mayarwa. Tana rubutawa tana cije leɓe, ba ta kuma ɗaga wa kowa ƙafa, har shi kansa.

Da fansho ya shigo a watan Janairu, ya hau mota zuwa Sabon Gari ya sayo sabon Magana Jari Ce, na farko. Ya rubuta sunan Ummi a shafin ciki. Ya tsaya gaban kanta da shi a hannu, ya daɗe, har Inna ta ɗago kai daga tsintar shinkafa. Sannan ya ɗora shi a ta tsakiya ya koma ɗaki. Kwana biyu bayan haka ya tarar da Ummi tana karanta shi da hannun hagu, tana cin ɗanwake da na dama. Ya tsaya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ummi, gama ki wanke hannu tukuna, aku ba zai gudu ba." Kafin damina ta zagayo littafin ya kwanta asibiti sau biyu, bayansa duk zare.

Adakar kuwa an kai ta wurin mai walda ya toshe gindin, Hadiza na zuba dusar awaki a ciki. Wani dare muzuru ya tura ƙofar akurki ya ɗauke kaza. Da safe Inna tana ta neman abin da za ta ɗaure ƙofar da shi, sai Malam ya shiga ɗaki ya fito da kwaɗon. Ya zauna a bakin rumfa ya kama ƙullin da ke jikin carbi. Zaren ya shekara da shekaru a wurin, ya ƙi kwantuwa, sai da Hadiza ta kawo reza. Ya miƙa wa Inna mabuɗin, ta sa a bakin zaninta ta ƙulle.

Bayan isha'i ya zauna lazimi a kan buzu. Duk sanda ya zagayo ƙarshen carbi sai yatsunsa su laluba inda ƙarfen yake a da. Daga rumfa yana jiyo muryar Ummi ta kai inda aku ya fara wani sabon labari, Sadik kuma na cewa ta dakata, bai gama kallon hoton ba.